Yatsuna Uku a Idon Taru

Ni dai aikina a Alƙahira wankin kifi ne. In ka ji mutanen gida suna cewa Hamisu yana Masar yana karatu, kada ka ƙaryata su, bar su da farin cikinsu. Na taɓa karatun, wata takwas cur a ma'ahad, makarantar koyon Larabci, har ranar da malamin nahawu ya dube ni ya ce, "Ya ibni, kai da Larabci sai dai Allah ya haɗa ku a Aljanna." Nan na gane khalas, zance ya ƙare. Yanzu ina wani shagon kifi a Hadayek el-Maadi, bayan tashar metro. Ina kankare ɓawo, ina farke ciki, Mu'allim mai shagon yana tsaye a kaina yana yalla yalla, sai ka ce kifin zai tashi ya gudu.

Masarawa suna da wani irin gashi: su birkiɗa kifi a dusa, su ɗora a ƙarfe mai zafi har ya yi baƙi ƙirin. Da yamma in hayaƙin dusar nan ya cika lungu, abokan aikina tari suke yi. Ni kuwa sai in ganni a ƙauyenmu na bakin Kwara, can ƙasar Yawuri, zaune gaban wutar bandar Kaka. Kuma ba daɗi nake ji ba, in gaya maka gaskiya. Wutar nan ta daɗe da mutuwa, kuma da hannuna a ciki. Ba duka hannun ba. Yatsu uku.

Kaka Kulu uwar babana ce. Mijinta shi ne Sarkin Ruwan garinmu, da ya rasu sarautar ta koma kan babban ɗanta, Baffa Sale. Ita sana'arta banda. Murhun laka biyar gare ta a bayan gida, kowanne da ragar waya a kai. In jiragen yamma suka dawo aka gyara kifi, ana idar da magariba za ta hura wuta. To banda hayaƙi take so, ba harshen wuta ba. Ka ɗauke ido kaɗan, kitsen tarwaɗa ya ɗiga, wuta ta tashi, ka yi asarar kwando guda. Saboda haka tana bukatar masu gadi, mu ke nan jikokinta. Albashinmu abu biyu ne: kan kifin da ya karye, da tatsuniya.

A cikin jikokin nan kaf ni ne mijinta. Ba ta taɓa kirana Hamisu ba. Ina shigowa za ta ce, "Maigida, yau ma hannu rabbana? Ni dai na auri malalaci."

In ce, "Amarya, buɗe bakin in ƙirga haƙoran, in san ko zan yi miki kishiya."

Sai ta jefo min kara, in goce, ta yi dariya har hayaƙi ya sarƙe ta. Har masunta a bakin kwata, inda jirage suke tsayawa, Maigidan Kulu suke ce min. Ina tafiya ina buɗa kafaɗa, wando a yage.

Akwai wani aiki nata kuma da ya fi bandar nauyi. A garinmu duk sabon taru, kafin ya taɓa ruwa, sai an kawo shi gidan Sarkin Ruwa an auna idonsa. Dokar a baki take, kowa ya haddace: ɗan gidan Sarkin Ruwa ya sa yatsu uku a idon taru. In sun shige har gindi, taru ya shiga ruwa. In sun maƙale, taru ya shiga wuta. Tun da idon Kakanmu namiji ya yi rauni ita take awon, da ya rasu ma aka ci gaba da kawo mata. Kuma yatsun Kaka fa ba yatsu ba ne, rogo ne. Wuta da gishiri sun kumbura su, sun yi kanta. Masunta suna ƙunƙuni, wai biyun Kulu ma ukun wani ne.

Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi suke yi. Za ta zauna a kan turmi da ta kifa, ta tura itace da ƙafa, ta ce, "Ga ta nan tafe a ƙarƙashin ruwa." Mu kuma mu ce, "Ta fito mu gasa ta." Tana da masu daɗi, na kada mai son sarauta, na ƙwaɗon da ya je neman aure. Amma akwai ɗaya da take maimaitawa duk lokacin da damina ta faɗi, ruwa ya fara hawa ciyawa. Ni a lokacin ita ce wadda na fi tsana.

Wai da can mutanen bakin kogi ba su san kamun kifi ba, yunwa tana cin su ga abinci yana wucewa a gabansu. Uwar Ayu ce take renon 'ya'yan kifi duka a wani gurbi cikin ciyawa. Ka san ayu, dabbar ruwan nan mai jiki kamar saniya, mai shayar da ɗanta nono. Rannan ta ga wani mutum zaune a gaɓa, ɗansa ya mutu da yunwa a cinyarsa. Tausayi ya kama ta. Ta koya masa saƙar taru, ta ce, "Ka kama manya, waɗanda suka riga suka haihu. Amma duk ɗakin da za ka yi musu a ruwa, ka bar wa 'ya'yana taga." Ya ce, "Taga kamar yaya?" Sai ta ɗaga hannunta, farce uku ne a kai. Ta ce, "Kamar haka."

Aka yi shekaru ana ci ana ƙoshi. Can sai wani jikan mutumin nan ya zauna ya yi tunani, ya ce wannan taga ai abinci take zubarwa. Bai toshe ta ba. Ya rage kaɗan, yadda ba mai lura. Maƙwabcinsa ya gani ya rage fiye da nasa. Kaka takan tsaya nan ta ce, "Ba wanda zai gaya maka ranar da aka rufe tagar nan. Kowa ɗan kaɗan ya ja."

Wata rana da yamma Uwar Ayu ta kira 'ya'yanta, ba wanda ya amsa. Ta rikiɗa tsohuwa ta hau gari. Ta bi gida gida tana leƙa tukwane, ta gan su a ciki, ƙanana kamar ƙwayar shinkafa. Ta roƙi ruwan sha aka ba ta. Ta sha, ta yi godiya, ta yi wa masu gida sai da safe. Ta koma kogi, ta tattara 'yan da suka rage, ta bi ruwa ta gangara har inda kogi yake zuba a teku.

"Ƙurunƙus kan tarwaɗa," in ji Kaka.

Na ce, "Sai me?"

"Shi ke nan."

"Haba amarya! Ba ta cinye shi ba? Ba ta kife masa jirgi ba?"

"Ayu ciyawa take ci, Maigida. Me za ta yi da naman maƙetaci?"

"To za ta dawo?"

"Juya kifin can, yana ƙuna."

Kullum haka muke rabuwa. Ina ce mata wannan tatsuniya ba a gama dafa ta ba, ba dodo, ba duka, ba wanda aka haɗiye.

Ina shekara tara 'yan kasuwa suka fara zuwa da jiragen inji suna sayen ƙananan kifi busasshe buhu buhu, wai abincin kaji ake yi da shi a birni. Su suka kawo tarun roba mai ido ƙanana. Biyu aka kawo wa Kaka, ko yatsa ɗaya bai shiga da kyau ba, ta cusa su a murhu. Warin roba ya kwana uku a gidan. Masunta suka fusata, suka tasa Baffa Sale a gaba, suna cewa garuruwan tsallake duk sun koma sabon taru, kifin da muka bari su suke kwashewa. Kuma wannan ba ƙarya ba ce. Shi ma Baffa, ashe ya sayi nasa ya ɓoye a ƙarƙashin gado.

Wata safiya ina wasa a bakin kwata ya kira ni, maza sun kewaye shi.

"Hamisu, kai ɗan gidan wa ne?"

"Gidan Sarkin Ruwa."

"Kun ji ko? To sa yatsunka nan."

Ni kuwa lokacin siriri ne kamar tsinken tsire. Na haɗa uku na tura. Suka ɗan maƙale, na murɗa, suka shige. Baffa ya ɗaga hannuna da tarun a rataye ya ce, "Nawa ne nan?" Aka ce uku. Wani ya yi kabbara. Ranar aka ɗora ni a jirgin inji, aka bar ni na riƙe sitiyari, aka saya min lemo mai sanyi.

Zan so in ce maka ban san abin da na yi ba. Na sani sarai. Tatsuniyar nan na ji ta har na iya kwaikwayon tarin da Kaka take yi a tsakiyarta. Kawai dai lemon ya yi sanyi. Kafin sati biyu na buɗe ofis. Mai alewa ya kawo, mai tsohon agogon da ba ya tafiya ya kawo. Na koyi shafa kitsen kifi a yatsu, na koyi ɗora ɗaya a kan biyu su tsuke. Ba tarun da ya faɗi jarrabawa a hannuna.

Kaka ta ga shiru, ba mai kawo mata awo. Sannan rannan aka kawo kwanon kifi, ta zuba a ragar banda, rabinsu suka zurare ta ramukan waya suka faɗa wuta, suna ƙara kamar ana soya gyaɗa. Ta ɗauki ɗaya ta ɗora a tafin hannu. Ɗan giwan ruwa ne, kifin da in ya girma sai maza biyu sun ɗauke shi. Wannan bai kai ɗan yatsanta ba.

Ta ce, "Wa ya auna?"

Duk yaran ni suka kalla. 'Yan uwa ke nan. Ta kamo hannuna ta shimfiɗa a kan nata, ta daɗe tana dubawa.

"Maigida, kai ne?"

Na ce, "Amarya, aiki na rage miki. Miji nagari ba ya barin matarsa tana wahala."

Ba ta jefo kara ba. Ta ce, "Gobe in sun kira ka, ka ce hannunka yana ciwo. Ka ji?"

Na ce to. Washegari aka kira ni na tafi. An yi min alkawarin ƙwallo, ta fata, mai iska.

Ranar Juma'a Kaka ta yafa mayafi ta sauka kwata da kanta, abin da ba ta yi. Ta tsaya gaban ɗanta, gaban kowa. Baffa ya durƙusa ya ce, "Inna, ba wanda ya karya doka. Ɗan gida ne, yatsu uku ne. In kina so in rantse, a kawo Alƙur'ani."

Ta ce, "Na san ba ka yi ƙarya ba, Sale." Ta juya ta hau gida. Ina maƙale bayan wani jirgi da ƙwallona a hammata.

Da magariba na shiga bayan gida ina shirin yadda zan sha duka. Har na sa wando biyu. Tana zaune a kan turminta, ta ɗago ta ce, "Hamisu, kawo itace."

Wallahi sai da na waiga, na ɗauka wani ne ya shigo. Na kawo itacen. Ta ba ni kan kifi kamar kowa. Ta yi mana ta kada mai son sarauta, yara suka yi dariya. Na ce, "Amarya, yau ba a gaishe da miji?" Ta ce, "Sannu, Hamisu." Daga ranar har yau ban sake jin wancan sunan a bakinta ba.

Shekara biyu na ƙara ina awo, sai yatsuna suka yi kauri aka sallame ni, aka ɗauki ƙaramin ɗan Baffa mai shekara biyar. Bayan shi ma ba wanda ya sake damuwa da awo. Kuma kada in ɓoye, da farko gari ya yi kyau. An yi rufin kwano, an sayi rediyo da babura. Sannan giwan ruwa ya ɗauke ƙafa. Tarwaɗa ta koma kamar cokali. Murhun Kaka biyar suka koma biyu, suka koma ɗaya. Abin da ake kamowa ma ba ya bukatar wuta, a rairayi ake baza shi rana ta busar. Ba wuta, ba masu gadi, ba dalilin tara yara. Ba ranar da aka ce an daina tatsuniya, kawai dai na lura ciyawa ta fito a cikin murhu. Samari suka watse, wasu acaɓa, wasu ramin zinariya. Ɗan Baffa, wanda ya gaje ni a ofis, ya bi kifi har tsakiyar ruwa mai zurfi da ƙaramin jirgi, iska ta taso. Kwana biyu aka yi kafin a same shi. Ni kuma wani malamin garinmu ya samo min gurbin karatu a nan, saboda ya ce bakina ya yi kama da na masu wa'azi.

Tun da na zo nake lallashin tsohuwar nan. Duk mai tafiya gida sai na ba shi saƙo: turare, dabino, mayafi mai ado. In na kira ta wayar ƙanwata Hadiza, sai ta ce, "Na gani, Allah ya yi albarka, Hamisu." Ba fushi a muryar, ka gane? Da da fushi ai da na san ta inda zan ɓullo mata.

A shagga, wato gidan da muke haya mu huɗu, akwai Isufu, ɗan Damagaram, yana karatun halittun teku a jami'a. Mutumin da garinsu ko rijiya sai an yi tafiya, shi ne masanin teku. Kullum ina tsokanarsa, ina cewa ranar da ya ga ruwa ya kai masa gwiwa zai kira sunan uwarsa. Wata Juma'a bayan masallaci yana kallon wani bidiyo da Faransanci, na leƙa, na ga wata dabba tana kiwo a ƙasan ruwa shuɗi.

Na ce, "Kai! Ayu!"

Ya ce, "Ɗan uwansa ne, na teku. Dubi wutsiyar, ta bambanta."

"Malam, ni na san matar nan tun ina yaro. Ina ne nan?"

Ya ce wani tsibiri ne can ƙarshen duniya, Sabuwar Kaledoniya, mutanen asalin wurin Kanak ake ce musu. Ya ce a wurinsu teku ba ruwan kowa da kowa ba ne, kowane yanki da dangin da ke kula da shi. Akwai wuraren da ba a jefa taru sam, wasu kuma sai dattawa sun buɗe. In baƙo zai shiga yankin wasu, sai ya kawo ɗan ƙyalle ya ajiye gaban manya ya nemi izini da baki. Ya ce masu bincike irinsu yanzu zama suke da dattawan nan suna tambaya, don sun san inda kifi yake haihuwa tun kafin a ƙera na'ura.

Na ce, "Tamam, ashe akwai inda aka ji magana."

Ya ce, "Kada ka yi saurin murna. Can ma ruwa yana ɗumama, duwatsun murjani suna yin fari suna mutuwa, laka daga ramukan ma'adinai tana gangarowa. Ayun ma raguwa yake."

Na ce, "Ma'alish, wannan ɓangaren ka riƙe kayanka."

A take na kira Hadiza na ce ta kai wa Kaka waya. A raina na ce yau na samo abin da ya fi dabino. Kunnen Kaka ya yi nauyi yanzu, sai da na fita baranda ina ihu, Masarawa suna ɗago kai.

"Kaka! An ga ayu! A teku!"

Ta ce, "Ita kaɗai?"

"Da kifi, Kaka, manya da ƙanana, ba iyaka. Mutanen wurin suna da ruwan da ba a taɓawa. Baƙo ma sai ya durƙusa ya roƙa."

"Suna jin maganar tsofaffinsu?"

"Suna ji."

"Da nisa?"

"Abokina ya ce ko jirgin sama sai ya kwana a hanya."

Ta ce, "Alhamdulillahi." Na ji tana tambayar Hadiza ko Sale yana kusa. Sannan ta rage murya ta ce, "Kada ka gaya masa sunan garin. Kada ka gaya wa kowa a nan."

Na yi dariya, na ga ƙofa ta buɗe. Na ce, "To amarya, ni fa? In zo in ɗauke ki mu je can mu yi amarcinmu?"

Ta ce, "Kai ma kada ka je, Hamisu."

A hankali ta faɗa, kamar mai cewa a rufe tukunya. Sannan ta tambaye ni ko na ci abinci, ko sanyi ya shigo, ta sa min albarka, ta miƙa wa Hadiza waya.

Na daɗe a barandar nan. Ni duk rayuwata da baki nake fita daga rigima. Malami ya ɗaga bulala in ba shi dariya, ɗan sanda ya tare ni a metro in ce masa ya basha, wato ranka ya daɗe, har ya sake ni. Na ɗauka duk wanda ka ɓata wa rai zai yi ihu, ya doke ka, ku shirya. Sai da na girma na gane akwai wanda zai gaishe ka, ya ba ka abinci, ya yi maka addu'a, alhali ya riga ya kwashe nasa ya tafi, kuma ba wasan da zai kai inda yake. Isufu yana cewa ruwa ma haka yake yi, ba ya gargaɗi da ƙarfi, wata shekara ce kawai za ka ja taru ka ji ba nauyi. Nakan ce wa kaina shekarata tara lokacin, kuma ko ban sa yatsu ba da an samu wani yaron. Duka gaskiya ne. Amma an ce min in ce hannuna yana ciwo, kuma na ce to.

Bayan kwana uku sai ga kiran Baffa Sale. Hadiza ba ta iya riƙe magana. Ya tsufa, muryarsa tana rawa, tun rasuwar ɗansa bai sake shiga jirgi ba. Muka gaisa, ya yi ta kewaye-kewaye, can ya ce, "Hamisu, an ce ka ga wani wuri mai kifi. Wace ƙasa ce? Yaran nan suna zaune ba abin yi, ko da wanda zai iya kaiwa can."

Mutumin da kuɗin motar Yawuri ma sai an haɗa masa. Ko na rubuta masa sunan a takarda, na zana masa hanya, ba inda za shi, ba abin da zai ragu a tekun mutane. Na sani, kuma tausayinsa ya kama ni.

Na ce, "Baffa, sunan da wuyar faɗa. Na manta."

Ya ce, "To, in ka tuna."

Na ce to. Ban sani ba ko Hadiza ta gaya wa Kaka cewa ban faɗi sunan ba, ban kuma tambaya ba.